Mizaji da Homon: Nazari a kan Ɗibbun Farisa

Wanda duk ya taɓa shiga tsohuwar kasuwar Isfahan ko ta Shiraz, ya bi ta layin masu sayar da itatuwan magani, waɗanda mutanen ƙasar ke kira attari, inda ake jera kwalaben ruwan wardi na Kashan kusa da za'afaran ɗin Khurasan da buhunan busassun furanni, zai iya jin mai shago yana tambayar mai saye, tun kafin ya ɗora masa komai a ma'auni, shin ɗabi'arsa mai zafi ce ko mai sanyi. Tambayar nan ta girmi shagon, ta girmi kasuwar, domin tushenta yana cikin littattafan da aka rubuta shekara dubu da suka shige. Amma a 'yan shekarun nan wata sabuwar magana ta shigo fagen, watau da'awar cewa itatuwan nan suna daidaita homon, kuma da yawa daga masu talla sun ɗauki mizajin mutanen da da homon ɗin likitocin yau tamkar abu ɗaya mai suna biyu. Wannan da'awa ita nake so mu auna, domin lafiyar mutane ce a kanta, musamman mata.

Ilmin da ake kira ɗibbun Farisa, in za a yi adalci, gado ne na al'ummomi da dama, domin asasinsa na Yunanawa ne, na Buƙuraɗu da Jalinusu, wanda ya ratso ta makarantar Jundishapur da majalisun tarjama na Bagadaza, kafin ya faɗa hannun malaman Farisa, su tace shi, su tsara shi, su ƙara masa abin da suka gani da idonsu a gefen shimfiɗar majinyata. Abubakar Arrazi, mutumin Rayyu, wanda ya rarrabe tsakanin agana da ƙyanda, shi ya tara littafin Alhawi. Ibn Sina, wanda aka haifa kusa da Bukhara a 980 ya rasu a Hamadan a 1037, shi ya wallafa Alƙanun cikin littattafai biyar. Sa'an nan Isma'ilu Aljurjani ya rubuta babban kundinsa da harshen Farisanci, domin wanda bai ƙware a Larabci ba shi ma ya amfana. Abin da suka haɗu a kansa shi ne jikin ɗan Adam yana ɗauke da ruwaye huɗu, jini da balgamu da safra'u da sauda'u, kowanne da rabonsa na zafi ko sanyi, danshi ko bushewa, kuma gaurayarsu ita ce mizaji, wanda idan ya tsaya a kan i'itidali aka sami lafiya, idan ya karkata cuta ta sami ƙofa.

Abin sha'awa shi ne yadda wannan nazari na malamai ya sauko daga littafi ya zauna a madafa. Uwar gida a Iran, ko da ba ta taɓa buɗe Alƙanun ba, ta san kindirmo da kokwamba da kifi suna cikin sardi, watau masu sanyi, dabino da citta da kirfa da zuma kuwa suna cikin garmi, masu zafi, kuma zafin da take nufi na ɗabi'a ne, ba na wuta ba. Saboda haka idan ta dama kindirmo da kokwamba sai ta zuba zabibi da wani ɗan itace mai maiƙo da suke kira girdu, domin zafinsu ya karya sanyin; idan ta yi miyar fesenjan sai ta gama girdun da ruwan rumman; ba ta son a haɗa kifi da nono a zama ɗaya; idan yaro ya yi kukan ciki bayan ya cika shi da abu mai sanyi, sai a narka masa dunƙulen sukarin da suke kira nabat a cikin shayi. Ni kam ina ganin wannan al'ada da mutunci ƙwarai, ko da dalilin da ake bayarwa bai tabbata ba, domin ta koya wa al'umma guda lura da abin da suke ci, da gauraya iri-iri, da ƙin zarcewa a kan abu ɗaya.

Sai dai zuciyar ilmin tana cikin babin da suka kira sabubba shida na larura, waɗanda babu mai rai da zai kuɓuta daga gare su: iskar da ake shaƙa, da ci da sha, da motsin jiki da hutunsa, da barci da farkawa, da fitar da abin da ya kamata a fitar tare da riƙe abin da ya kamata a riƙe, da kuma halayen rai, irin su fushi da tsoro da baƙin ciki da murna. Kiyaye waɗannan shi suke kira tadbiri, kuma sun gabatar da shi a kan magani, har an san Arrazi da ra'ayin cewa abin da abinci zai warkar ba a kai shi ga magani, abin da magani guda zai warkar ba a kai shi ga haɗe-haɗe. Ibn Sina ma ya bayyana yadda ake gane mai ciwon bege ta hanyar riƙe jijiyar hannunsa ana ambaton sunaye, har a zo kan wanda zai sauya bugunta, abin da ke nuna ya fahimci cewa abin da ya taɓa rai yana taɓa jini.

Homon kuwa wani sha'ani ne dabam, na jiya-jiya. A 1902 ne masu bincike biyu, Bayliss da Starling, suka gano na farkonsu a Landan, a 1905 Starling ya yi amfani da sunan a bainar jama'a, a 1921 kuma aka fitar da insulin a Toronto. Sinadarai ne da wasu ƙananan gaɓoɓi ke zubawa cikin jini, su tafi kamar manzanni su umarci wata gaɓa mai nisa, kuma kowannensu ana iya ɗibar jini a auna yawansa da lamba. Mizaji kuwa ɗabibi yana istinbaɗinsa ne daga launin fata da bugun jijiya da kamannin fitsari, ba a taɓa samun sauda'u a cikin kwalbar gwaji ba. Wanda ya ce sanyin mahaifa shi ne ƙarancin homon kaza, ya yi tarjamar da babu malamin da ya yi ta, na da ko na yanzu.

Duk da haka akwai inda hanyoyin biyu suka haɗu, kuma a babin tadbiri ne. A 1999 masu bincike a Jami'ar Chicago sun taƙaita barcin wasu samari lafiyayyu zuwa awa huɗu har dare shida, sai aka ga jikinsu ya raunana wajen sarrafa sukari. A 2002 aka bayyana sakamakon wani babban gwaji a Amurka a kan mutanen da ke bakin kamuwa da ciwon sukari, inda gyaran abinci da tafiyar ƙafa da rage ƙiba suka rage kamuwa da kashi 58 cikin ɗari, alhali ƙwayar metformin ta rage da kashi 31. Haka nan matar da ƙiba ta haɗu mata da ciwon nan na ƙwayayen mahaifa mai rikita haila, sau da yawa idan ta rage ko da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinta sai hailar ta fara komawa kan ƙa'ida. Barci da motsi da abinci, uku ke nan daga cikin shida na Ibn Sina, sun tsallake jarrabawar da bai san za a yi musu ba.

To, a nan ne ƙorafina yake. Kasuwa ta juya tsarin malaman ta mayar da ƙarshe farko, saboda barci da tafiyar ƙafa da sanyin zuciya ba su shiga kwalba, balle a sa musu farashi. Sai aka bar tadbiri aka rungumi haɗe-haɗe, ana cewa tun da daga ƙasa suka tsiro ba su da illa, alhali malaman da kansu sun sanya wa magunguna darajoji huɗu na ƙarfi, ta huɗun tana kusa da guba. Saiwar nan mai zaƙi da Farisawa ke kira shirin bayan, Larabawa irƙus-sus, idan aka daɗe ana sha tana hawar da jini. Za'afaran mai yawa haɗari ne ga mai ciki. Hulba da kirfa kuwa, gwaje-gwajen da aka yi a kansu ƙanana ne, ba su kai a ajiye maganin likita dominsu ba. Mafi muni shi ne cututtukan da gaɓa ta kasa aikinta ɗungum: yaron da jikinsa ya daina yin insulin, babu tsimin da zai tsaya masa a madadin allura, matar da tayirod ɗinta ya raunana ƙwaya take bukata a bisa awo, maƙoƙon da rashin aidin ya kawo kuwa gishiri mai aidin ne rigakafinsa.

Iran kanta ta daɗe tana kokawa da tambayar matsayin ɗibbun gargajiya a gaban likitancin zamani, tun daga 1851 da Amir Kabir ya kafa Darul Funun aka fara koyar da likitancin Turai a Tehran, har zuwa zamanin nan da jami'o'inta suka buɗe sassan ɗibbun gargajiya, inda likitocin da suka riga suka gama karatu ke ƙwarewa a kansa. Mu ma maganar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin reshen wannan ilmi ya iso mu ta littattafan Larabci, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi wallafa a kan magunguna, kuma yau shagunan magungunan Musulunci sun cika garuruwanmu, suna karɓar matan da haila ta rikice musu ko haihuwa ta yi jinkiri, waɗanda gorin dangin miji ya hana su barci.

Ga irin wannan baiwar Allah nake magana, da mijinta, da iyayenta. Ta karɓi tadbirin Ibn Sina hannu biyu: ta kwanta da wuri, ta rage zaƙi da maiƙo, ta yi tafiya kullum, a kuma ɗauke mata gori, domin halin rai yana cikin shidan. Amma idan haila ta ɗauke wata uku ba ciki, ko wuya ya kumbura, ko ƙishirwa da fitsari suka yawaita tare da rama, to a tafi asibiti a auna jini kafin a sayi kwalba ko ɗaya, kuma duk abin da take sha na itace ta faɗa wa likita sunansa.