Rabin Santi: Auna Darajar Tsohuwar Tsabar Amurka

Daga 1793 zuwa 1857 gidan buga kuɗi na Filadelfiya ya riƙa fitar da wata tsaba ta jan ƙarfe, rabin santi, wadda sai an tara ɗari biyu kafin a haɗa dala guda. Mutanen zamaninta ba su damu da ita ba. Daga 1812 zuwa 1824 ko ɗaya ba a buga ba, daga bisani dokar 1857 ta kawar da ita. Yau kuwa masu tara tsoffin kuɗi rububinta suke, musamman ta 1796, wadda guda 1,390 kacal aka buga.

Masu wannan harka ba shekara kaɗai suke bi ba. A wancan lokacin da hannu ake sassaƙa hatimin bugawa, kowane da tabonsa, in ya tsage kuma tsagar ta fito a jikin kuɗin. Roger Cohen ya jera waɗannan bambance-bambance a littafinsa na 1971, har yau da lambobinsa ake kiran kowane iri. Akwai ta 1804 mai ɗan tsini a haɓar hoton da ke jikinta, akwai ta 1828 mai taurari 12 maimakon 13.

Inda gardama take shi ne wurin ba da maki. Ma'aunin da William Sheldon ya fitar a 1949 ya tashi daga 1 zuwa 70, kuma da shi kamfanonin PCGS da NGC ke aiki: su duba tsaba, su rufe ta cikin roba, su manna mata lamba. Ƙungiyar masu tara tsoffin tsabar jan ƙarfe, EAC, wadda aka kafa a 1967, tana da nata tsarin. Da farko a duba yawan gogewar da hannun mutane ya yi wa hoton. Sannan a rage maki saboda tsatsa, ƙarzuwa, lotsewar gefe, ko wankin da wani ya yi mata don ta yi ƙyalli. Shi ya sa makinsu kan zo ƙasa da na kamfani.

Ni dai ina tare da su. Jan ƙarfe ba ya jure danshi da gumi kamar zinariya. Yana yin duhu, yana kore, yana fitar da ƙananan ramuka. Tsaba biyu na iya zuwa daidai a gogewa, ɗaya sumul mai ruwan ƙasa, ɗaya fatarta a cinye. Wanda ya ba su daraja ɗaya ya zama kamar dillalin da ya duba haƙoran doki ya ƙi duba ƙafafunsa.

Tsarin yana da rauninsa. Ba a ƙayyade maki nawa za a cire wa kowane aibi ba, don haka gwanaye biyu kan saɓa, sabon shiga ya rasa na kamawa. Amma saɓanin a fili ake yinsa, da kuɗin a tafin hannu, kowa ya kawo hujja.

Kuma hujjar tana buƙatar sanin tarihi. A 1795 da 1797 jan ƙarfe ya yi ƙaranci, sai aka riƙa yanke tsabar kamfanin Talbot, Allum & Lee na Niyok ana buga rabin santi a kai. Sauran tsohon rubutun kan leƙo ta ƙarƙashin sabon. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka lahani ne ya rage maki, alhali haka kuɗin ya fito daga gidan bugawa, kuma wasu masu tarawa wannan alamar ce ma suke nema.