Macijin Kwamfuta Ba Ya Sara

Hutun da ya wuce na koma gida Madarunfa. Wani dare muna zaune wurin mai cajin salula, aka kunna mana wani fim ɗin Hausa na aljanu. An kai inda boka zai rikiɗe ya zama maciji. Sai ga wani kore shar ya fito kamar an manna shi jikin gilashin tele: ba inuwa, ba ya tada ƙura, ko tabarmar da yake bisa ba ta motsa ba. Ƴar wasan na kururuwa tana kallon gabas, macijin na yamma. Wuri ya kaure da dariya, har da yaran da aka yi fim ɗin don a tsorata su. Wani ƙanena ya ce: "Yaya, wanga ai ko kaza ba ta gudunsa."

Maganar yaron nan ta fi dogon sharhi. Ido ba wawa ba ne. Mu da muka tashi bakin tabki mun san yadda abu mai rai ke ratsa ciyawa, mun san nauyinsa. In babu nauyi, babu tsoro.

A ajin nazarin harshe akwai abin da muke kira amsa-kama: fari fat, ja wur, baƙi ƙirin. Kalmomi ne masu ƙara wa magana armashi, amma ba su tsayuwa su kaɗai. Je ka ce wa mutum "fat, wur, ƙirin" ka gani ko ka faɗi wani abu. To, siddabarun kwamfuta amsa-kama ne. Labari, wasan ɗan wasa da abin da kyamara ta gani da gaske su ne jimlar. Matsalar finafinanmu da yawa yanzu, an cika amsa-kama an manta da aikatau: wuta na fita daga tafin hannu, mota ta kama da wutar da ba ta hayaƙi, mutum ya ɓace ɓat, amma ba ka san me ya sa za ka damu da shi ba.

Kada a ce gaba nake da kwamfuta. Jurassic Park na 1993 ya yi amfani da ita, amma ta mintoci kaɗan. Ƙaton dodon da ke leƙa mota cikin ruwan sama, Stan Winston da mutanensa sun ƙera shi da ƙarfe da roba, ƴan wasa na ganinsa gabansu. Shi ya sa har yau yake razanarwa. Mad Max: Fury Road na 2015 an kifar da motoci na gaske a hamadar Namibiya, sannan kwamfuta ta yi gyara. Dubi kuma Adipurush na Indiya: an kashe dukiya, har aka ɗage fitowarsa zuwa Yunin 2023 don gyaran siddabaru, duk da haka ya sha zolaya. Ashe ba kuɗi kaɗai ba ne.

Nan ne hujjar "ba mu da hali" ke faɗuwa. Moustapha Alassane, ɗan ƙasarmu da ya rasu a 2015, da fitila da inuwa ya fara nuna wa mutane wasa. A 1966 ya zana kwaɗi da hannu ya yi Bon Voyage Sim yana zambo ga masu mulki. A 1977 ya yi Samba le Grand da ƴan tsana. A Kokoa ya sa kwaɗi kokowar gargajiya, yana gusa su kaɗan-kaɗan, hoto bayan hoto. Ba wanda ya ɗauka kwaɗin gaske ne, amma hannun mutum ya taɓa su, haske ya sauka kansu, suna da inuwa. Mu nawa cikinmu suka taɓa kallonsu?

Kuma tun kafin sinima muna da namu. Yaran tashe da tsumma, auduga da gawayi suke zama tsoho ko dodo, unguwa ta ɗauka. Maƙera, dukawa, masu sassaƙa, masu lalle, duk suna nan kasuwar Maraɗi. Duk fim ɗin da ya zaɓi macijin da aka sauko da shi daga intanet, ya hana ɗayansu aiki, ya kuma ba mu aljani mai kamar na wasan salula, ba na tatsuniyar kakanninmu ba.

Ƴan'uwa masu ɗaukar gajerun finafinai da waya, da ku nake. Kafin ka buɗe CapCut, tambayi kanka: ba za a iya yin wannan da igiya, hayaƙi, fitilar hannu da duhun dare ba? In ba zai yiwu ba, ɓoye shi. Nuna mana ciyawa na motsi, akuya ta tsinke igiya, fuskar yarinya ta canza. Kaka ba ta taɓa nuna mana Dodo ba. Murya kawai take sassautawa, mu kuwa mu kasa fita fitsari har gari ya waye.