Hannun Hagun Hwang Byungki

Wanda ya ga ana kaɗa gayageum karo na farko, hannun dama zai zuba wa ido, domin shi ne yake tsinkar tsirkiya. Amma gwanintar tana hannun hagu, kuma a nan ne marigayi Hwang Byungki na Koriya ta Kudu ya yi zarra.

Gayageum dogon katako ne mai rami a ciki, an ɗaura masa tsirkiyoyi 12 na siliki. Kowace tsirkiya tana zaune a kan ɗan katako da Koriyawa ke kira anjok, wato ƙafar dinya. Makaɗi yana naɗe ƙafa a ƙasa, ya ɗora kan kayan kiɗan a cinyarsa. Ba ya amfani da tsinke. Da tsokar yatsa yake tsinka, wani lokaci ya ɗalle tsirkiyar da farce.

Sautin siliki ba ya daɗewa, yana fita yake fara dusashewa. A ɗan wannan tsakanin hannun hagu yake aikinsa a ɗaya gefen anjok. Ya danna tsirkiya, sauti ya hau. Ya sassauta, ya gangaro kamar ajiyar zuciya. Ya girgiza ta, ta yi makyarkyata irin ta muryar mai kuka. Wannan fasaha sunanta nonghyeon, kuma ita ce ke bambanta gwani da ɗan koyo.

An haifi Hwang a Seoul a 1936. Ya fara koyon gayageum a Busan a 1951, yana ɗan gudun hijira lokacin yaƙin Koriya. A jami'a fannin shari'a ya karanta, amma bai ajiye kiɗa ba. Ya ƙware a kiɗan fada mai natsuwa, ya kuma ƙware a sanjo, wanda ke farawa a hankali yana ƙara sauri, ana raka shi da janggu, ganga mai ƙirar kalangu.

Sai da ya sha wannan gado ya ƙoshi, sannan ya soma ƙirƙirar nasa. A farkon shekarun 1960 ya tsara Sup, wato Daji, a lokacin da aka saba kaɗa abin da aka gada kawai. A 1974 ya fitar da Chimhyangmu, wanda har yau ɗalibai ke koyo. A 1975 kuwa ya zo da Migung, inda ya goga tsirkiyoyin da baka irin na goge, ya buge su da sanda, muryar wata mai suna Hong Sin-cha tana dariya tana kuka a kai.

Abin da ya fi burge ni shi ne, duk nisan da ya yi, bai taɓa tilasta wa gayageum yin muryar fiyano ba. Ya rasu a 2018, bayan shekaru yana koyarwa a Jami'ar Mata ta Ewha. In ka samu faifansa, ka kasa kunne bayan yatsa ya bar tsirkiya. A nan za ka ji shi.