Jinjina ga Masu Yajin Aikin 1992

Duk malamin jami'ar gwamnati a Najeriya da ya yi digirin digirgir da kuɗin TETFund, akwai bashin godiya a wuyansa ga mutanen da galibi ake zagi, wato ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU. A yajin aikin 1992, lokacin da Attahiru Jega ke shugabantarta, gwamnatin Babangida ta ce aljihunta babu kuɗi. Sai malaman suka nuna mata inda kuɗin yake: a sa wa kamfanoni harajin kashi 2 cikin 100 na ribarsu, a ware shi domin ilimi. Dokar soja ta 1993 ta tabbatar da haka, aka kafa asusu domin kuɗin. A 2011 aka sauya wa asusun suna zuwa TETFund, aka taƙaita shi ga manyan makarantun gwamnati, daga baya harajin ya kai kashi 3.

Gine-ginen da ke ɗauke da tambarin asusun kowa yana gani. Ni abin da ya fi burge ni shi ne ƙaramin malami a kwalejin ilimi, mai mata da 'ya'ya, wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Makarantarsa ta miƙa sunansa, asusun ya biya kuɗin makaranta da na bincike da na guzuri, shi kuma ya sa hannu cewa zai dawo ya koyar. Wasu sun tafi Ingila ko Malesiya, suka ci amana, suka ƙi dawowa. Wannan abin kunya ne. Waɗanda suka dawo kuwa, yau su ke duba kundin binciken ɗalibai a Zariya da Kano da Sakkwato.