Salsa da sunan "kiɗan duniya" a rediyo

A 1987 wasu kamfanonin faifai suka yi taro a Landan, suka zaɓi sunan "kiɗan duniya" don tallata hajarsu. Gidajen rediyo suka karɓi sunan, suna cusa salsa da kora da kiɗan Indiya cikin shiri guda. Illar sunan ita ce ɓoye asali. Salsa ta bunƙasa a birnin Niyok cikin shekarun 1970, daga wani kiɗan Kyuba da ake kira "son", wanda gangunansa ke da tushe a Afirka. A 1993 ƙungiyar Africando ta fitar da faifan salsa mai waƙoƙi da harshen Wolof. Mai gabatar da shirin da bai faɗi ƙasar waƙa da harshenta ba, ya tauye wa mai saurare hakkinsa.