Surar Waliyyai Mata a Cocin Katolika na Sakkwato

Kiristocin Sakkwato waɗanda ke bin ɗariƙar Katolika sun gaji wata tsohuwar al'ada ta girmama waliyyai, wato bayin Allah da cocin ya tabbatar da tsarkin rayuwarsu bayan rasuwarsu, kuma ana ganin surarsu a bangon coci, da kalandar ɗaki, da zannuwan ƙungiyoyin mata. Malaman ɗariƙar suna bambanta girmamawa da bauta, suna kafa hujja da taron Nikiya na biyu na shekarar 787, wanda ya yanke cewa darajar da aka ba hoto tana komawa ne ga mai hoton. Wannan bayani yana da nauyi a Sakkwato, birnin Shehu, inda ake tuna mata salihai da alƙalami ba da zane ba, kamar yadda Nana Asma'u ta yi a waƙarta ta Tawassuli ga Mata Masu Albarka.

Limaman Dominikan na Amurka ne aka danƙa wa yankin Sakkwato a shekarar 1953, kafin ya zama cikakkiyar dayosis a 1964, saboda haka ba abin mamaki ba ne da Katarina ta Siyena, 'yar ƙungiyarsu da ta rayu a Italiya daga 1347 zuwa 1380, ta samu gindin zama, har sistocin Dominikan na Gusau suke amsa sunanta. Masu zane sun fi dogara da alamomi a kan kamannin fuska wajen nuna ta: farar riga da baƙin mayafi na ƙungiyarta, farin fure mai nufin budurci, rawanin ƙaya, da littafi saboda wasiƙun da ta aika wa sarakuna da Fafaroma. Duk wanda ya san alamomin zai gane ta ko da an sauya mata fuska, kuma a nan ƙarfin wannan fasaha yake. Rauninta kuwa ya fito a kan waliyya Monika, mahaifiyar waliyyi Agustin, wadda aka haifa a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ta rasu a 387, amma galibin hotunanta da ke yawo suna nuna ta a matsayin tsohuwar Baturiya.

Al'amarin Josefin Bakita daban yake, domin ta riski zamanin kyamara. An haife ta a Darfur wajen shekarar 1869, aka sace ta tana yarinya aka sayar da ita hannu zuwa hannu, har ta kai Italiya inda ta samu 'yanci, ta shiga ƙungiyar sistocin Kanosa, ta rasu ranar 8 ga Fabrairu 1947, sannan Fafaroma John Paul na Biyu ya ayyana ta waliyya a 2000. Tun da akwai hotonta na ainihi, mai zane ba shi da damar mayar da ita fara, iyakacinsa ya ƙara mata tsinkakkiyar sarƙa, alhali tsagar da wata uwargijiyarta ta sa aka yi mata a jiki, aka cusa gishiri, tana ɓoye a ƙarƙashin tufafi. A ƙasar da cinikin bayi ta Sahara ya taɓa gidaje da yawa, labarinta bai buƙatar dogon sharhi, kuma sunanta dayosis ɗin ta sa wa cibiyarta da ke titin Aliyu Joɗi.