Gambit: Cinikin Soja da Lokaci a Wasan Ces

Kafin a yi takun farko a wasan ces, kowane ɓangare yana da gida guda da ba mai tsaronsa sai sarki: f7 a wajen Baƙi, f2 a wajen Fari. Yawancin tsofaffin hanyoyin buɗe wasa da hari kan wannan gida suka sa ido. Mai hari yakan miƙa soja ɗaya, abin da 'yan wasa ke kira gambit, don abokin karawa ya ɓata taku wajen ci, shi kuwa ya fito da dawakai da bishof, ya buɗe hanya zuwa ga sarki. Ciniki ne, an ba da soja an karɓi lokaci.

Uban tafiyar shi ne Gambit ɗin Sarki. Fari ya tura soja e4, Baƙi ya tare shi a e5, sai Fari ya jefa wani a f4 don ya janye sojan Baƙi daga tsakiya. Farashin yana da tsada, domin sarkin Fari ne ya rage ba sutura, sarauniyar Baƙi tana iya dira h4 ta tayar masa da hankali. Da wannan buɗin Adolf Anderssen ya doke Lionel Kieseritzky a Landan a 1851. Ya ba da bishof, ya ba da hasumiyoyinsa biyu, ya ƙara da sarauniya, sannan ya ritsa sarki a taku na 23 da dawakai biyu da bishof ɗaya. Sojoji uku kacal Kieseritzky ya rasa, amma rabin rundunarsa ba ta ko motsa daga gida ba. Ana yabon Anderssen, kuma ya cancanta, sai dai a ganina rabin kyan wasan kwaɗayin Kieseritzky ne ya samar da shi. A wancan zamani ƙin cin abin da aka miƙo kamar ragwanci ne, don haka mai hari yakan sami abokin da zai biye masa.

William Evans, wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ɗan Wales, ya zo da nasa a wajen 1827: soja a b4, bishof ya ci, a kore shi da c3, a kafa d4. Shekaru da dama ana shan kashi a hannun wannan dabara, har Emanuel Lasker, zakaran duniya daga 1894 zuwa 1921, ya nuna magani mai sauƙi. A ci sojan, a mayar da shi a lokacin da ya dace, a yi musayar sarauniyoyi, sai mai hari ya tashi da sojoji a warwatse, harin kuma ya bi ruwa. Wannan tunanin, cewa ba dole ne a riƙe abin da aka ci ba, ya fi kowane taku guda lahanta gambit.

Duk da haka ba su mutu ba. Boris Spassky ya doke Bobby Fischer da Gambit ɗin Sarki a Mar del Plata a 1960. Abin ya yi wa Fischer ciwo har ya rubuta maƙala yana cewa ya gano lagon buɗin, wato d6 a taku na uku, ga shi kuma bayan 'yan shekaru shi da kansa yana buga shi. Garry Kasparov ma ya tono na Evans a Riga a 1995, ya gama da Viswanathan Anand cikin taku 25.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Harin Marshall, domin Baƙi ne ke kai shi. Frank Marshall ya ɗana wa José Capablanca shi a New York a 1918, ya sadaukar da soja da d5 a taku na takwas. Capablanca ya jure ruwan wuta, ya ci wasan. Harin dai ya rayu, aka yi ta tankaɗe da rairaya a kansa, har manyan 'yan wasa suka haddace rassansa zuwa taku ashirin ko fiye. Yau idan gwani ya zaɓe shi, sau da yawa kunnen doki yake nema. Kwamfuta ba ta tsorata, kuma ita ce ke koya wa mai tsaro inda zai sa ƙafa.

Amma ita ma a da takan yi gajeren hange. A gasar zakaran duniya ta 2004 a Brissago, Vladimir Kramnik ya fuskanci Harin Marshall da shirin da aka yi masa a gida da kwamfuta, yana taku cikin sauri, har ya ba da sarauniya. Peter Leko, agogo na cinsa, ya zauna ya gano ramin da ke cikin shirin da kansa, ya ci wasa na takwas.